Alekzanda Maksimof: Malamin da Ya Bi Sawun Jini Har Tushensa

A cikin jikin kowane baligi mai lafiya, jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 ne suke mutuwa a kowace daƙiƙa, a kuma wannan daƙiƙar ake samar da wasu miliyan 2 su maye gurbinsu. Jar ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 a raye, waɗansu daga cikin fararen kuwa ko mako ɗaya ba su cikawa. Duk da haka mutum yakan shekara saba'in ko tamanin jininsa bai ƙafe ba. To, ina masomin wannan kogi da ba ya ƙafewa? Wannan ita ce tambayar da wani malami ɗan ƙasar Rasha, mai suna Alekzanda Maksimof, ya ƙarar da rayuwarsa yana neman amsarta. Turawa suna rubuta sunansa Maximow. Ya rasu tun 1928, ba a kuwa tabbatar da gaskiyar abin da ya faɗa ba sai bayan shekara 33 da rasuwarsa. A yau kuwa dubban marasa lafiya da ake yi wa dashen ɓargo a ƙasashen duniya suna cin moriyar tafarkin da yake cikin waɗanda suka fara sharewa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Maksimof a birnin Fitasbag, wanda a wancan zamani shi ne babban birnin daular Rasha, ran 3 ga watan Fabrairu 1874, wato 22 ga Janairu bisa ga tsohuwar kalandar da Rashawa suke amfani da ita a lokacin. Gidansu gidan 'yan kasuwa ne masu rufin asiri, saboda haka aka sa shi a makarantar Karl May, wadda ta yi suna a birnin wajen horon yara da koyar da harsuna, musamman Jamusanci. Wannan harshe ya yi masa rana ƙwarai daga baya, domin a ƙarshen ƙarni na 19 duk mai son a ji muryarsa a fannin likita, to, tilas ya yi rubutu da Jamusanci.

Cikin 1891, yana da shekara 17, ya shiga Babbar Makarantar Likitocin Soja ta Sarkin Rasha. Makaranta ce mai tsananin horo, malamanta da ɗalibanta duk suna ƙarƙashin dokar soja, kuma a nan ne shahararren masanin nan Ivan Pavlov yake koyarwa. Tun Maksimof yana ɗalibi hankalinsa ya karkata ga binciken nama da madubin likita, wato madubin nan mai ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Kafin ya gama karatu ya gudanar da bincike a kan wata cuta da ke lalata hantar dabbobi, har aka ba shi lambar zinariya. Ya fita cikin 1896, shi ne na ɗaya a ajinsu, makarantar kuwa ta riƙe shi a sashen binciken cututtuka don ya ci gaba da neman ilmi.

Daga 1900 zuwa 1902 aka tura shi ƙasar Jamus ƙaro ilmi. Ya zauna a Freiburg wurin Ernst Ziegler, masanin cututtuka, ya kuma zauna a Barlin wurin Oskar Hertwig, masanin yadda tayi yake girma a ciki. Ilmin waɗannan malamai biyu shi ya haɗa ya gina aikinsa a kai, domin ɗayan ya koya masa duban yadda jiki yake gyara kansa in ya sami rauni, ɗayan kuma yadda jiki yake ginuwa tun farko.

Aikin da ya fito da sunansa

A Jamus ne ya yi gwajin da ya sa masana suka fara ambaton sunansa. Yakan sa ɗan wani abu mai tsabta, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar cuta, a ƙarƙashin fatar zomo, sa'an nan ya riƙa ɗebo naman wurin lokaci bayan lokaci, daga 'yan sa'o'i har zuwa makonni, yana yanka shi sala-sala fiye da siririn takarda, ya rina, ya duba. Da haka ya ga yadda kumburi yake farawa, da irin ƙwayoyin da suke fitowa daga jini su taru a wurin, da yadda suke sāke kama, har wurin ya warke ya bar tabo. Ya buga sakamakon wannan aiki cikin 1902 a wani littafi na Jamusanci. Babban abin da ya ɗauka daga gwajin shi ne cewa ƙwayar halitta ba lalle ta dawwama a kama ɗaya ba, tana iya rikiɗa ta zama wata iri in bukatar jiki ta kira. Wannan tunani bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Da ya koma gida, cikin 1903, aka naɗa shi shehun malami mai kula da sashen nazarin nama da girman tayi a makarantar da ta yaye shi, alhali kuwa shekarunsa 29 kacal. Ya riƙe wannan kujera shekara 19. An san shi da tsabtar aiki da rashin yarda da ganganci. Ya inganta hanyar adana nama da rina shi yadda ƙwayoyin jini za su fito fili a madubi, har aka laƙaba wa wannan hanya sunansa. Bugu da ƙari gwanin zane ne. A zamanin da hoton abin da ke cikin madubi bai inganta ba, shi da hannunsa yake zana abin da ya gani, da launi, ƙwaya bayan ƙwaya, kuma zane-zanensa sun ci gaba da fitowa a littattafan likita shekaru da yawa bayan ba ransa.

Gardamar masana a kan asalin jini

Domin mai karatu ya gane nauyin abin da Maksimof ya yi, ya kamata a bayyana halin da ilmin jini yake ciki a lokacin. Cikin 1868 Ernst Neumann na Jamus da Giulio Bizzozero na Italiya, kowa a nasa ɓangare, suka gano cewa a cikin ɓargo ne ake ƙera jini. Kafin wannan, ɓargo a wurin yawancin likitoci abin cika ramin ƙashi ne kawai. Bayan haka sai Paul Ehrlich ya ƙago hanyar rina jini da rini iri-iri, aka ga ashe fararen ƙwayoyin jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu ɗigo-ɗigo a cikinsu, akwai kuma ƙanana kewayayyu marasa ɗigo, waɗanda ake kira limfosait, masu yawa a cikin kaluluwa da saifa.

Daga nan masana suka rabu gida biyu. Ehrlich da mabiyansa, irin su Otto Naegeli na Suwizalan, suka ce jini yana da tushe biyu da ba su haɗa dangi ba: masu ɗigo daga ɓargo suke, limfosait kuwa daga kaluluwa, kowa da uwarsa. Ɗaya ɓangaren, wanda Neumann da Artur Pappenheim suke ciki, suka ce a'a, uwa ɗaya ce ta haifi dukan ƙwayoyin jini, ja da fari. Gardamar ta yi zafi shekara da shekaru, kuma ɓangaren Ehrlich ya fi ƙarfi, domin shi mutum ne da duniya take saurarensa, har ya sami kyautar Nobel cikin 1908.

Maksimof ya ga cewa in an tsaya ga duban jinin baligi kaɗai, ba za a raba gardamar ba, gama wanda ya tarad da 'ya'ya sun girma sun watse ba zai iya sanin uwarsu da duban fuska ba. Sai ya koma farkon al'amari. Ya riƙa bin tayin zomo da na sauran dabbobi masu shayarwa kwana bayan kwana, yana duban inda jini yake fara bayyana. Ya ga ƙwayoyin jini na farko suna tasowa a wata 'yar jaka da ke manne da tayi, daga baya aikin ya koma hanta, daga ƙarshe ya zauna a ɓargo. A kowane masauki kuwa yakan tarad da wata kewayayyar ƙwaya maras ɗigo, wadda ba ta riga ta ɗauki kamar kowa ba, kuma daga gare ta ne sauran suke rassa. Wurin da ta sami kanta, in ji shi a rubuce-rubucensa, shi ke nuna mata abin da za ta zama.

Ran 1 ga watan Yuni 1909 ya tsaya gaban ƙungiyar masana jini ta Barlin, a ƙasar su Ehrlich, ya gabatar da lacca inda ya ce limfosait ita ce uwar dukan ƙwayoyin jini, tun daga tayi har girma, kuma tana yawo a cikin jini, duk inda ta sami wurin da ya dace sai ta zauna ta hayayyafa. Kalmar Jamusanci da ya yi amfani da ita tana nufin ƙwayar da take kamar kututturen itace, wanda rassa suke fitowa daga gare shi, da Hausa kuwa za mu iya cewa uwar ƙwayoyi. An buga laccar a mujallar Folia Haematologica a wannan shekara. Akwai masu cewa shi ya ƙirƙiro kalmar, amma tarihi bai goyi bayansu ba, domin Ernst Haeckel ya yi amfani da ita tun 1868 da wata ma'ana, Theodor Boveri da Valentin Häcker sun yi amfani da ita cikin 1892, Pappenheim kuma ya kawo ta fagen jini kafin ƙarnin ya ƙare. Abin da Maksimof ya yi shi ne ya tara hujjoji masu yawa daga tayi da baligi da dabbobi iri-iri, ya tsara su, ya mai da zato ya zama ra'ayin da ba a iya kau da kai daga gare shi. Wata 'yar ƙasarsu, Vera Danchakoff, ita ma ta kai ga irin wannan ra'ayi a wajen wannan lokaci ta hanyar nazarin tayin kaza.

Yaƙi, juyin mulki da hijira

Wajen 1914 ya fitar da babban littafinsa na koyar da nazarin nama cikin harshen Rashanci, ya kuma shiga wani sabon fage, wato rainon nama a wajen jiki. Ba'amurke Ross Harrison ne ya buɗe wannan fage cikin 1907, inda ya nuna ana iya yanko ɗan nama a ajiye shi cikin ruwan jiki a kan gilashi, ya ci gaba da rayuwa yana girma. Maksimof ya ga dama ta samu, domin maimakon ya riƙa duban matattun ƙwayoyi yana ƙiyasta abin da ya faru tsakaninsu, yanzu zai iya kallon rayayyu suna sāke kama a gabansa.

Amma zamani bai ba shi sarari ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke cikin 1914, aka yanke hulɗa da Jamus inda yake buga ayyukansa, aka ma sāke wa birninsu suna ya koma Fetrogarad. Cikin 1917 aka tumɓuke Sarkin Rasha, kafin shekarar ta ƙare 'yan gurguzu suka karɓi mulki, sai yaƙin basasa ya biyo baya, da yunwa, da annoba. Birnin ya rasa abinci da itacen jin ɗumi, ɗakunan bincike suka yi sanyi, kayan aiki da mujallun waje suka daina zuwa. Ko da yake cikin 1920 an zaɓe shi wakili a Majalisar Masana Kimiyya ta Rasha, Maksimof ya ga ba yadda zai yi aikinsa ya ci gaba a cikin wannan hali, ga shi kuma mutum ne da ya tashi ya yi girma a ƙarƙashin tsohuwar daula, ransa bai kwanta da sabuwar ba.

Jami'ar Shikago ta Amurka ta yi masa tayin aiki, amma fita daga Rasha a lokacin ba abu ne mai sauƙi ba. Cikin watan Fabrairu 1922, a tsakiyar hunturu, shi da matarsa da 'yar'uwarsa suka sulale a ɓoye, suka ratsa ta kan ruwan da sanyi ya daskarar ya zama ƙanƙara, suka shiga ƙasar Finlan. Ya bar kujerarsa da ɗalibansa da garin haihuwarsa yana da shekara 48, bai kuwa sāke ganinsu ba.

Zamansa a Shikago

A wannan shekara ya kama aiki a matsayin shehun malami a sashen nazarin ginin jiki na Jami'ar Shikago, wanda Robert Bensley yake shugabanta. Shekara shida kaɗai ya yi a can, amma ya cika su da aiki. 'Yar'uwarsa Claudia ita take taimakonsa a ɗakin bincike. Ya yi rainon nama iri-iri a kan gilashi, ya sa wa wasu ƙwayar cutar tarin fuka ya ga yadda suke kare kansu, ya kuma yi rainon fararen ƙwayoyin jini don ya ga abin da za su zama. Ya ƙago wata dabara ta ajiye naman da ake raino a kan gilashi biyu, yadda za a iya sāke masa ruwa ba tare da an taɓa shi ba, wadda masu bincike suka daɗe suna amfani da ita da sunansa. Cikin 1927 ya rubuta wani dogon babi a kan jini da naman da ke ɗaure sassan jiki, a cikin babban kundin nazarin nama na Jamus, inda ya tattara abin da ya gano cikin shekara 30.

Ya kuma soma rubuta littafin koyarwa da Turanci, amma ajali bai bar shi ya gama ba. Ya daɗe yana fama da ciwon jijiyoyin zuciya, ran 4 ga watan Disamba 1928 ya rasu a Shikago yana da shekara 54, aka binne shi a maƙabartar Oak Woods ta birnin. Almajirinsa William Bloom ya ɗauki takardun da ya bari, ya ƙarasa littafin, aka buga shi cikin 1930 da sunayensu su biyu. Wannan littafi ya zama abin karatun ɗaliban likita a ƙasashe da yawa, aka yi ta sāke buga shi, daga baya Don Fawcett ya shigo aikin, har aka kai bugu na 12 cikin 1994.

Yadda gaskiya ta bayyana

Sa'ad da Maksimof ya rasu gardamar ba ta mutu ba, dalili kuwa shi ne madubi yana nuna kama ne kawai, ba ya nuna wa ya haifi wa. Abin da ya buɗe ƙofa masifa ce. Bayan an jefa bam ɗin atam a Hiroshima da Nagasaki cikin 1945, aka ga mutane da yawa da suka tsira daga wutar suna mutuwa bayan 'yan makonni, domin tururin bam ɗin ya kashe musu ɓargo, jikinsu ya daina ƙera jini. Masana suka duƙufa neman magani. Cikin 1949 Leon Jacobson, a wannan Jami'a ta Shikago da Maksimof ya yi aiki, ya nuna cewa in an rufe saifar ɓera da darma kafin a haska masa tururi mai kisa, yakan rayu. Cikin 1951 Egon Lorenz ya nuna cewa in an yi wa irin wannan ɓera allurar ɓargon ɗan'uwansa mai lafiya, shi ma yakan rayu.

Hujja yankakkiya ta zo ne daga birnin Toronto na Kanada cikin 1961. James Till da Ernest McCulloch suka haska wa ɓeraye tururi, suka yi musu allurar ƙwayoyin ɓargo da suka ƙidaya, bayan kamar kwana 10 suka buɗe su, sai suka ga waɗansu ƙulle-ƙulle a kan saifa. Yawan ƙulle-ƙullen yana tafiya daidai da yawan ƙwayoyin da aka zuba, wajen ƙulli ɗaya ga kowace ƙwaya 10,000. Cikin 1963, tare da Andrew Becker, suka tabbatar da cewa kowane ƙulli daga ƙwaya ɗaya tak ya taso, ga shi kuwa a cikinsa ana samun ƙwayoyin jini iri dabam-dabam. Suka kuma nuna cewa wannan ƙwaya tana haifar irinta, shi ya sa rumbun ba ya ƙarewa. Cikin 1988 Irving Weissman da abokan aikinsa a Amurka suka ware uwar ƙwayoyin jini ta ɓera daga sauran ƙwayoyin ɓargo. A Mosko kuwa, tun shekarun 1960, Alexander Friedenstein ya gano wata uwar ƙwayoyi ta biyu a cikin ɓargo, mai haifar ƙashi da naman da ke riƙe da masana'antar jinin, abin da ya ƙarfafa maganar Maksimof cewa wurin zama yana da hannu a kan abin da ƙwaya take zama.

Wajibi ne kuma a faɗi inda ya kuskure. Limfosait da ya ɗauka ita ce uwa, bincike ya nuna ba ita ba ce. Ita ma 'ya ce, wadda ta riga ta ɗauki sana'arta ta kare jiki daga cututtuka, kamar yadda aka gano a shekarun 1950 da 1960. Haka kuma ya zarce wuri da ya ɗauka limfosait tana rikiɗa ta zama naman tabo. Sai dai kuskuren nasa yana da dalili, domin ainihin uwar ƙwayoyin jini, in an dube ta a madubi, ƙarama ce kewayayya maras ɗigo, da ƙyar ake bambanta ta da limfosait, kuma ba ta da yawa ko kaɗan. Ya siffanta kamarta daidai, ya faɗi aikinta daidai, sunan wata ya ba ta. Maganarsa cewa tana yawo a cikin jini ma ta tabbata, har a yau likitoci sukan ba mutum magani don ta fito daga ɓargo da yawa, su tace ta daga jininsa, su dasa wa maras lafiya.

Amfanin da aka samu

Cikin 1957 Donnall Thomas na Amurka ya ba da rahoton gwajin farko na zuba wa mutane ɓargon wasu. Shekarun farko sun zo da hasarar rayuka da yawa, gama ba a san yadda za a daidaita jikin mai bayarwa da na mai karɓa ba, amma ya dage har aikin ya kankama, aka ba shi kyautar Nobel cikin 1990. A yau da wannan dashe ake maganin sankarar jini da ciwon mutuwar ɓargo da wasu cututtukan gado. Daga cikinsu akwai ciwon sikila, wanda mutanenmu suka sani da amosanin jini, wanda kuma Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da shi. Cikin 1984 aka ba da rahoton warkewar wata yarinya mai sikila a Amurka bayan an yi mata dashen ɓargo saboda sankarar jini, cikin 2011 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi irin wannan dashe na farko a Nijeriya ga mai sikila. Aiki ne mai tsada da hatsari, ba kowa ne kuma yake samun ɗan'uwan da jikinsu ya dace ba, amma dalilin da ya sa yake aiki shi ne abin da aka yi ta gardama a kansa a Barlin cikin 1909: in an sāke uwa, dukan 'ya'yan da za ta haifa sababbi ne.

Binciken uwar ƙwayoyi ya wuce fagen jini tuni. Cikin 1981 aka fara rainon ta tayin ɓera, cikin 1998 James Thomson ya yi na ɗan Adam, cikin 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mai da ƙwayar fata baya ta koma kamar ta tayi. Maksimof bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kayan aikinsa madubi ne da wuƙar yanka nama da rini da alƙalamin zane, sai kuma haƙurin zama a gaban gilashi dubu bayan dubu, shekara fiye da talatin. Bai sami kyautar Nobel ba, kabarinsa kuma yana nesa da ƙasar haihuwarsa, amma duk littafin da ya ɗauko tarihin ilmin jini sai ya ambaci sunansa da laccarsa ta ran 1 ga Yuni 1909.